Gudu, keke, bal ko jim: wanne ne zai riƙe maka ƙafa a kan ƙanƙarar Erciyes?

Duk shekara da zarar an shiga Oktoba iska mai sanyi ta fara gangarowa daga kan dutse, sai yaran da suka zo karatu sabbi su fara yi min tambaya a kan zamiyar ƙanƙara, wadda Turkawa ke ce wa kayak. Ba laifinsu bane, duk wanda ke zaune a birnin Kayseri na ƙasar Turkiyya ko ina ya juya Erciyes na gabansa, dutse mai tsayin mita 3,917 fari tas, kuma daga cikin gari zuwa wajen wasan bai wuce kilomita 25 ba. Bana wani ƙanena ɗan Katsina ne ya tare ni bayan sallar Juma'a yace yaya, saura wata biyu mu hau, kuma kwana uku kacal nake da su a sati saboda lakca da lab, to me zan yi da su, in dinga gudu ne, ko keke, ko in ci gaba da bal ɗina, ko in biya kuɗin jim? Amsar da na ba shi a tsaye bata gamsar da ni ba ni kaina, shine nace bari in zauna in warware ta sosai, tunda ba shi kaɗai ke da wannan tambayar ba, har ƙannenmu mata sun fara hawa yanzu.

Bari in fara da abin da ya same ni, don daga nan na gane komai. Shekarar da na fara hawa ina gudu sau huɗu a sati, kilomita takwas ba ya min komai, a raina na gama shiri. Wallahi kafin azahar cinyoyina rawa suke kamar mazari, ga wani zafi a saman gwiwa kamar an ɗora garwashi, amma numfashina lafiya lau, ko haki bana yi. Washegari da sauƙi-sauƙi, sai a kwana na biyu abin ya tsaya min, saukowa daga bene sai na riƙe ƙarfe da hannu biyu ina sauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, sujada kuwa sai na dafa ƙasa tukuna sannan gwiwa ta biyo baya. Kwana huɗu na yi a haka. Abin ya dame ni sosai, don na yi ta tambayar kaina ina duk gudun da na sha ya tafi.

Ga inda ya tafi. Tsoka aiki iri biyu take yi, akwai ɗagawa akwai kuma riƙewa. Ka ɗauki misalin buhun masara, ɗaga shi zuwa kafaɗa aiki ne, amma sauke shi a hankali a hankali ba tare da ka yada shi ba wani aikin ne daban, a nan tsokar tana miƙewa ne alhali tana ɗauke da nauyi, wato birki take takawa. To zamiyar gangare kusan gaba ɗayanta birki ce. Na'ura ce ke hawa da kai sama, ba ka wahalar hawa, kai aikinka kawai ka sauko gwiwa a lanƙwashe, cinya na tare nauyin jikinka a kowace kwana. Sabon shiga ma ya fi shan wuya, saboda salon da ake fara koya masa, wanda Turkawa ke kira kar sapanı, a haɗe kawunan dogayen allunan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa a gaba a buɗe su ta baya, shi ne ya fi kowanne cin cinya da kwatangwalo, ga tsoro yana sa mutum ya ƙanƙame jikinsa yini guda. Kuma wannan aikin birkin shi ne ke kawo tsamin jiki mai tsanani fiye da kowane irin motsi. Idan ka riƙe wannan a ranka, zaɓin da kake nema zai zo maka da sauƙi.

Gudu a fili yana gina zuciya da huhu, babu musu, kuma ba ya cin ko sisi sai takalmi. Amma ka lura da gwiwar mai gudu, kaɗan take lanƙwasawa, ƙafa ta taɓa ƙasa ta tashi nan take, babu inda cinya ke zama a lanƙwashe na minti biyu ko uku tana tare nauyi. Shi yasa ni na hau da huhun doki amma cinya ta ba ni kunya. Sai dai akwai wani gudun ko tafiyar da take da amfani ƙwarai, ita ce ta gangare. Mu a nan muna da tudun Ali Dağı a yankin Talas, ka hau a hankali ka sauko da ɗan sauri da jaka a baya, saukowar nan ita ce darasin, ba hawan ba.

Keke ya fi gudu kusa da abin da ake nema ta fuska ɗaya, cinya yake ci kai tsaye kuma ba ya dukan gwiwa, don haka mai jiki ko wanda gwiwarsa ke ɗan damunsa keke ya fi masa gudu nesa ba kusa ba. Matsalarsa ɗaya ce amma babba, a keke turawa kawai kake yi, babu birki a tsoka ko kaɗan, kuma a zaune kake, sirdi ne ke ɗauke da kai, ba ka koyon tsayuwa a ƙafa ɗaya. Na ga wani abokina Baturke da yake keke kamar me, shi ma ranar farko ta kakar wasa tsamin nan bai ƙyale shi ba. Amma kar ka yar da keke, zan dawo kansa, akwai inda ya fi kowa.

Bal kuma, nasan nan ne zuciyar yawancinku take, don kusan kowa na zuwa halı saha, ƙaramin filin bal mai ciyawar roba, da daddare. Gaskiya bal tana ba da abin da gudu da keke ba sa bayarwa, tsayawa kwatsam, juyawa gefe, sanin inda ƙafarka take ba sai ka kalla ba, kuma 'yan bal suna saurin koyon zamiya, na sha gani da idona. Inda ta gaza shi ne juriyar cinya a tsugune, sannan ita kanta hanyar targaɗe ce, sati biyu kafin tafiya wani ya taka maka idon sawu shikenan kuɗin da ka tara ya tafi a banza, don takalmin zamiya mai tauri ne kamar an zuba siminti, kumburarriyar ƙafa bata shiga. In kana yi sau ɗaya a sati ka ci gaba abinka, ka lissafa ta a matsayin ranar numfashi, amma sati biyun ƙarshe ka haƙura da ita.

Saura atisayen ƙarfin ƙafa, kuma ni a nan na tsaya. In kwana uku gare ka, biyu nasa ne. Kuma ba dole sai jim ba, wannan ina so ƙannena su ji da kyau saboda nasan yadda kuɗin skolaship yake. Abin da jim ya fi ɗaki da shi shi ne nauyi, in ka kai matakin da jikinka kaɗai ya daina wahalar da kai, sannan akwai madubi da mai koyarwa da zai gyara maka tsayuwa. Amma a wata biyu, ga wanda bai taɓa yi ba, jakar goyo da gorar ruwa mai lita 5 guda biyu a ciki, kilo 10 kenan, da matakalar bene, sun isa.

Sirrin yana cikin yadda ake sauka. Sukwat ɗin da kowa ya sani, wato tsugunawa da miƙewa, ka yi shi kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu wajen sauka, ka ɗan tsaya a ƙasa, sannan ka miƙe da sauri, sau 10 zuwa 12, ka huta, ka maimaita zagaye uku. Za ka ji bambanci tun a zagaye na biyu, wanda yake yin 50 da sauri yana alfahari, a wannan salon 12 ma sai ya yi da gaske. Na biyu, ka tsaya a kan matakala da ƙafa ɗaya, ka sauke ɗayar a hankali har diddige ya shafi ƙasa, ba tare da ka sakar mata nauyi ba, ka dawo. Ka sa ido a kan gwiwar da ke ɗauke da kai, kar ta karkata ciki, ta tsaya saitin yatsun ƙafa, wannan karkatar cikin ita ce hanyar da jijiyar gwiwa ke tsinkewa a kan ƙanƙara. Gwiwa ce ta fi kowace gaɓa jin rauni a wannan wasan, kusan ɗaya cikin uku na raunukan duk ita ce, kuma mata sun fi maza haɗarin tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa, don haka ke ƙanwata wannan atisayen ya ma fi zama dole a kanki. Na uku, bayan cinya da mazaunai, waɗanda kowa ke mantawa da su alhali su ne ke taya jijiyar nan riƙe gwiwa, ka kwanta rigingine ka kafa diddige a ƙasa ka ɗaga ƙugu sama, in ya yi sauƙi ka koma ƙafa ɗaya. Sai tsokar ciki da gefe, ka dogara a kan gwiwar hannu jiki a miƙe sambal na daƙiƙa 30 zuwa 45, gaba da kowane gefe.

Akwai wanda duk wanda ya yi firamare a gida ya sani, gwale-gwalen nan na tuƙa babur, a tsuguna rabi a miƙa hannu gaba. To kusan haka tsayuwar zamiya take. Ka jingina baya da bango ka zauna a kan iska, in ka iya kai minti biyu ba ka miƙe ba ka fara zuwa. Amma ni ina ɗaukarsa a matsayin awo ne kawai, in gane ina na kai, don a kan ƙanƙara ba a tsaye cak kake ba, kana sauka kana tashi kana karkata. Shi yasa daga sati na huɗu sai ka ƙara tsalle gefe da gefe, daga ƙafar dama zuwa ta hagu, kana dira a hankali ba ƙara, daƙiƙa 30 ka huta. Kar ka fara da tsallen nan tun satin farko, gwiwar da bata saba ba zai dame ta.

Wani abu mai daɗi game da aikin birki, jiki na saurin koyonsa. In ka sha tsamin sau ɗaya, karo na biyu ba zai kai na farko ba, kuma kariyar tana ɗaukar makonni. Ma'ana ko sati uku ya rage maka akwai riba, kawai dai ba a fafe gora ranar tafiya, kwana huɗu ko biyar na ƙarshe ka ajiye nauyi gaba ɗaya ka bar ƙafa ta huta.

To ranar ukun fa? Ita ce ta numfashi, kuma kar ka raina ta don na yabi ƙarfin ƙafa. Kano tana wajen mita 480 ne daga teku, Kayseri wajen 1,050, Tekir inda yawancin mutane ke farawa wajen 2,200, na'urorin sama kuma suna wuce 3,000, inda duk shaƙa ɗaya kusan kashi 70 cikin 100 kawai kake samu na iskar da za ka samu a bakin teku. Ɗaukar alluna daga wajen ajiye motoci zuwa layi ma sai ka ji kana haki. Minti 40 zuwa awa ɗaya na gudu ko keke ko bal, wanda ka fi so a cikinsu, don wanda kake so shi za ka ɗore da shi. In da hali ka ƙara tafiyar ƙafa a sauran ranaku har ka cike minti 150 a sati da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa kowane baligi ya samu. Wannan lissafin duk na mai gangare ne. Wanda zai yi irin ta ƙasashen Nowe da Finlan, ta tafiya a kan shimfiɗaɗɗen fili yana tura kansa da sanduna, shi lissafinsa a juye yake, numfashi ne kan gaba, gudu da keke su ɗau kwana biyu.

Akwai maganar da babu mai gaya mana ita a nan saboda su ba ta dame su kamar mu ba, sikila. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Tudu mai tsayi, sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da aiki mai ƙarfi, duk abubuwan da ke tada ciwon ne suka haɗu waje ɗaya. Mai SS ko SC kar ya hau sai ya zauna da likitansa. Mai AS yawanci lafiya yake hawa ya sauko, amma an san tudu na iya taɓa saifarsa, don haka in ka ji ciwo mai tsanani a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, ka sauko ƙasa ka nufi asibiti ka gaya musu jininka, kar ka tsaya cewa iska ce. Don Allah wanda bai san nau'in jininsa ba ya je ya gwada kafin Disamba.

Yanzu bayan an sauko. Abu na farko da za ka ji a bakin mutane shi ne wai wani asid ne ya taru a tsoka sai an fitar da shi. Wancan yana washewa cikin kamar awa ɗaya da gama wasa. Tsamin da ke zuwa daga baya ƙananan raunuka ne a cikin zaren tsoka da kumburin da jiki ke yi wajen gyara su, shi yasa yake kai ƙarshen zafinsa tsakanin awa 24 zuwa 72, kamar yadda ya min a kwana na biyu. Babu abin da ke goge shi, sai dai a rage.

Gardamar da muka fi yi ita ce hamam, wato gidan wankan zafi na Turkawa, ko ruwan sanyi. Hamam ko wanka da ruwan zafi, ko wanda ya samu zuwa maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Kozaklı, yana sake jiki, yana sa barci mai nauyi, kuma mu da muka taso ana gasa mana jiki da tawul da ruwan zafi a shafa man zafi, jikinmu ya san daɗinsa. Sharaɗi biyu ne, ka sha ruwa sosai kafin ka shiga don gumi za ka ƙara yi a kan wanda ka riga ka yi, sannan in akwai inda ya kumbura saboda faɗuwa kar zafi ya je wajen a kwana biyun farko. Ruwan sanyi kuwa, irin wanda 'yan ƙwallon Turai ke shiga, mai sanyin digiri 10 zuwa 15 na wajen minti 10, yana rage jin tsamin da gaske, ya dace da wanda zai yi kwana uku a jere yana wasa kuma dole gobe ya koma. Amma a watannin shiri kar ka mayar da shi al'ada bayan atisayen ƙarfi, yana rage ginuwar tsokar da kake wahala dominta. Mai sikila kuma ko kusa. Ni dai a ra'ayina, mutumin da ya yini cikin sanyin da ya yi ƙasa da sifili, wanda kuma don nishaɗi ya je ba gasa ba, ruwan ɗumi ya fi masa.

Tausa tana taimakawa, ko da ta hannunka ce ko ka mirgina cinya a kan gorar ruwa, amma a hankali, ba irin ta matse-ni-in-mutu ba. Miƙe jijiyoyi kuma yana da daɗi amma kusan ba ya rage tsami, kar ka dogara da shi. Wani abin da ke taimakawa washegari shi ne motsi mara nauyi, kuma nan ne keke ya yi zarra, dalilin da ya sa ya gaza wajen shiri shi ne ya sa ya yi fice wajen warkewa, babu birki a cikinsa, jini na zagaya cinya ba tare da an ƙara mata rauni ba. Minti 20 a hankali, ko tafiya zuwa masallaci mai ɗan nisa. Kwanciya yini guda a gado ita ce ke sa ka tashi kamar itace.

Amma duk waɗannan ƙari ne a kan abinci da barci. A kan dutse sanyi na ɓoye ƙishirwa, iskar kuma busasshiya ce kamar ta tsakiyar hunturun gida, sai ka yini a kan shayi kofi biyu ba ka sani ba, da yamma kai ya ɗau ciwo. Ka sa ƙaramar gora a aljihun ciki ka dinga kurɓa duk hawa. In ka sauko kar ka wuce awa biyu ba ka ci abin kirki ba, miyar mercimek (wani ɗan ƙaramin wake) da burodi, mantı (kwaɓin fulawa da nama a ciki) da yogot ɗinsa, ayran (tsinkakken yogot mai gishiri), ko ka dafa shinkafa da wake da ƙwai a ɗaki. Mai atisaye yana buƙatar furotin wajen giram 1.6 a kowane kilo na nauyinsa a rana, mai kilo 70 kenan wajen giram 110, ƙwai ɗaya kuma giram 6 ne kawai, kaga sai an haɗa da nama ko kaza ko wake da madara. Barci awa 7 zuwa 9, kuma daren da za a hau ma haka, ba a kwana hira a tashi da asuba a hau dutse. Azumi ma yanzu cikin kakar yake faɗowa, na 2025 a Maris, na 2026 daga tsakiyar Fabrairu, wanda zai hau da azumi ya yi rabin yini kawai da safe a gangare mai sauƙi, ko ya bari sai bayan sallah tunda ƙanƙarar Erciyes kan kai Afrilu.

Maganin kashe zafi irin su ibuprofen, ban ce haramun bane, amma shan sa da safe don ka danne ciwo ka koma wasa kuskure ne, yana wahalar da ƙoda da ciki musamman jikin da ba ruwa, kuma yana rufe maka bakin gwiwar da ke ƙoƙarin gaya maka wani abu. Tsami na gaske a cikin naman cinya yake, ƙafa biyu daidai, kuma yana sauƙi in ka motsa. In kuwa ka ji ƙas a gwiwa lokacin faɗuwa, ta kumbura cikin 'yan awanni, ko tana sulluɓewa in ka taka, ko babban yatsan hannu ya kasa riƙe kofi bayan ka faɗi da sanda a hannu, ko fitsari ya koma kalar shayi mai duhu, wannan na asibiti ne a ranar, ba na man zafi ba. Kuma da ka ji cinya ta fara rawa da la'asar, ka cire allunan, zagayen nan na "bari in ƙara ɗaya" a kan gajiyayyar ƙafa shi ne na ga ya kwantar da mutum biyu a cikinmu.

Ƙanen nan nawa bai biya jim ɗin ba. Litinin da Alhamis yana bene da jakarsa mai gora biyu, Asabar yana bal ɗinsa, ya kuma daina hawa lifta in zai sauko daga hawa na shida. Ranar Laraba ta satin farko ya turo min saƙo yace yaya cinyata fa ta ƙi, ko sallah da kyar. Nace masa gobe ka cire gora ɗaya daga jakar ka yi zagaye biyu maimakon uku, amma kar ka fasa, yau kuma ka ari keke ka zaga unguwa na minti ashirin.